Yadda Ake Ba Sabon Kankare Ruwa da Kare Shi Har Ya Yi Ƙarfi

Ranar zuba kankare kowa na nan. Mai gini ya zo, injiniya ya zo, leburori na ta kai-komo da kwanon sarki, injin kwaɓi na ruri tun hantsi har la'asar. Washegari kuwa sai wurin ya yi tsit, daga mai gadi sai wani yaro da aka ce ya riƙa watsa ruwa in ya ga saman ya bushe. Alhali ƙarfin da aka kashe kuɗin siminti da rodi domin a samu, a cikin makon nan na farko yake zuwa ko ya ƙi zuwa. Kwaɓi mai kyau da aka yi wa sakaci bayan zubawa bai fi wanda aka rage wa siminti ba.

Dalilin yana cikin simintin kansa. Ba bushewa ke sa kankare tauri ba. Garin siminti na haɗuwa da ruwa, haɗuwar ta haifar da wani abu mai danƙo da ke girma a hankali, yana cike guraben da ke tsakanin yashi da tsakuwa yana ɗaure su. Wannan aiki na tafiya muddin akwai laima a ciki. Da zarar laimar ta sauka ƙasa da kusan kashi 80 cikin 100, sai aikin ya ja baya sosai, kusan ya tsaya, a bar garin siminti a ciki wanda bai tsinana komai ba. Kankaren da aka kula da shi yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, sa'annan a kwana 28 ya kai adadin da injiniya ya rubuta a zanen gini. Ƙananan samfuran gwaji da aka bari a busasshiyar iska tun ranar farko kuwa, wajen rabin wancan ƙarfin suke tsayawa.

Kuma ɓarnar ba a tsakiyar kankaren take sauka ba, domin can ciki laima na daɗewa. Fatar waje ce ke ji a jikinta, wato santimita uku zuwa biyar na sama. Wannan fatar ita ce ake takawa, ita ruwan sama ke duka, kuma ita ce ta lulluɓe rodi. In ta zama mai shan ruwa, iska da danshi su isa ga rodin, ya yi tsatsa, ya kumbura, bayan wasu shekaru ka ga kankaren na ɓarewa yana zubowa daga ƙarƙashin dekin.

Mataki na farko: shirin da ake yi tun ba a kwaɓa kwano ɗaya ba

Fara da ruwa, ka yi lissafinsa da alƙalami. Dekin mai faɗin murabba'in mita 100, in za ka tara masa ruwa mai zurfin santimita biyar, lita 5,000 ke nan a cikon farko, wato duro 25 na lita 200, ban da ƙarin da za a riƙa yi kullum. In ba ka da wannan ruwan, gara ka sani tun yanzu ka zaɓi hanyar rufewa da leda, da a wayi gari ana neman tankar ruwa dekin na gasuwa a rana. Ruwan ya zama mai tsabta. Ƙa'idar da magina ke riƙewa ita ce, ruwan da ya cancanci sha ya cancanci kankare. A guji ruwan gishiri, musamman inda akwai rodi, da ruwan da ya haɗu da mai, sabulu ko ƙazanta. Ruwan da ke da ƙarfe a cikinsa ba ya rage ƙarfi sosai, amma yana barin jan tabo a jikin kankaren da ba za a yi wa shafe ba.

Sai kayan rufi: buhunan algarara, faffaɗar leda mai kauri, yashi, tamfol, katakai ko bulo na danne gefe. Su kasance a wurin, kusa da inda za a zuba, kafin a tayar da inji. Buhunan da suka taɓa ɗaukar sukari ko takin zamani a wanke su sosai ko a bar su, domin sukari ko kaɗan ne yana hana siminti kamawa, taki kuma na cin kankare. Sabon buhu ma a jiƙa shi tun daren jiya, don yakan ƙi shan ruwa da farko.

Abu na uku shi ne wanda aka fi rainawa: a ambaci mutum ɗaya da sunansa, a ce ban-ruwan nan aikinsa ne, a biya shi a kansa, a nuna masa ranar da zai fara da ranar da zai daina. In an ce "ku riƙa ba shi ruwa" ga leburori goma, babu mai yi. A kuma duba kalanda. Kankaren da aka zuba ana gobe hutu, kwanakinsa mafi muhimmanci za su faɗa lokacin da babu kowa a wurin.

Da safiyar ranar, a jiƙa katakon kafinta da ƙasar da za a zuba a kai, amma kada ruwa ya kwanta. Busasshen katako, busasshen bulo da busasshiyar ƙasa duk suna tsotse ruwan kwaɓi ta ƙasa da ta gefe. In lokacin zafi ne, a yi wa tulin tsakuwa inuwa ko a yayyafa masa ruwa, a fara zubi da sassafe ko a bari sai rana ta yi sanyi. Ƙa'idoji da yawa ba sa yarda zafin ɗanyen kankare ya wuce digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos lokacin zubawa.

Wani zai ce tunda siminti na son ruwa, me zai hana a ƙara ruwan tun a cikin kwaɓi? A'a. Ruwan da ya yi yawa a kwaɓi, in ya fita ramuka yake bari, kankaren ya yi rauni har abada. Ruwa kaɗan a ciki, laima mai yawa a waje bayan ya kama.

Mataki na biyu: sa'o'in farko, tun yana ɗanye

Nan ne aka fi yin asara, kuma nan ne aka fi barin wurin babu ido, domin kowa ya gaji. Bayan an zuba, an girgiza, an ja katako an daidaita, za ka ga ruwa na tasowa sama yana sheƙi. Tsakuwa da yashi ne ke zama ƙasa suna turo ruwan sama. Muddin wannan sheƙin na nan, saman na da kariya. Matsalar na farawa ne idan rana da iska suka fi saurin kwashe ruwan a kan yadda yake tasowa. Saman ya bushe ya tsuke alhali na ƙasa bai motsa ba, kuma kankaren bai da ƙarfin da zai jure ja ko kaɗan, sai ya tsage. Irin wannan tsagar tana da kamanni: gajeru ne, sau da yawa a jere suna bin hanya ɗaya, suna bayyana cikin sa'o'i kaɗan, wani lokaci tun leburori ba su gama wanke shebur ba.

Injiniyoyi na ɗaukar cewa haɗarin ya yi yawa idan ruwan da ke tashi ya kai kilo ɗaya a kowane murabba'in mita cikin sa'a guda. A dekin mai murabba'in mita 100, rabin duro ke nan na bin iska kowace sa'a. Kuma iska ta fi rana ɓarna a nan. Ranar da ake busasshiyar iska mai ƙarfi, ko da garin da sanyi-sanyi, ta fi ranar zafi mai lumshi haɗari.

Abin yi shi ne kada a jira a gama dekin gaba ɗaya. Ɓangaren da aka gama daidaitawa, a bi shi da kariya nan take, masu zubi na gaba masu rufi na biye. In akwai iska, a kafa shinge na tamfol ko buhuna ta gefen da take fitowa. In akwai abin feshi mai fitar da ruwa kamar hazo, irin na fesa magani wanda aka wanke tas, a riƙa fesawa sama cikin iska yadda raɓar za ta sauka a hankali, ba a nufi kankaren kai tsaye ba. Ana iya shimfiɗa leda a kan katakai yadda ba za ta taɓa saman ba, a ɗaga ta lokacin goge na ƙarshe a mayar.

Abu biyu ne haram a wannan lokacin. Na farko, goge saman da cokalin gini alhali ruwan da ya taso na kwance. Yin haka na mayar da ruwan cikin fatar sama, ta zama mai rauni, daga baya ta riƙa yin gari ko tana ɓarewa. A jira sheƙin ya ɓace, ko a ja ruwan gefe da tiyo a hankali. Na biyu, barbaɗa busasshen siminti don ya shanye ruwan. Ranar zai yi kyau a ido, sumul. Bayan wata biyu sai ka ga ƙananan tsage gida-gida sun mamaye ko'ina, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

In tsagar ta riga ta bayyana kuma kankaren na da laushin da yatsa zai shiga, a sake buga wurin da katakon gogewa a rufe ta tun daga ƙasa, ba a shafe bakinta kawai ba, sa'annan a rufe da leda. In ya riga ya kama, a ƙyale shi, gyaran sai daga baya.

Mataki na uku: yaushe za a fara sa ruwa

Ba agogo ke faɗa ba, kankaren ke faɗa. Danna babban yatsa a gefe. In bai bar gurbi ba, kuma ka ɗiga ruwa ya gangara fari tas ba tare da ya ɗebo siminti ba, lokaci ya yi. A zafi hakan na iya zuwa cikin sa'a uku ko huɗu, a sanyi ya kai takwas ko fiye. Ma'ana, kankaren da aka gama da azahar, ban-ruwansa a ranar zai fara, ba gobe da safe ba. Daren farko da ake barinsa tsirara yana cikin manyan kurakuran da suka zama jiki a wuraren gini.

Ruwan farko a sa shi da lallashi. A ɗaure bakin tiyo da tsumma ko a sake shi a kan buhu, kada ƙarfin ruwan ya huda saman.

Mataki na huɗu: hanyar da ta dace da abin da aka zuba

Kafin a zaɓi hanya, a riƙe magana ɗaya: laimar ta zama ba yankewa. Watsa bokiti biyu da safe, biyu da yamma, a bar rana ta gasa tsakani, wannan ba ban-ruwa ba ne. Jiƙa-bushe, jiƙa-bushe na sa fatar ta kumbura ta tsuke, ta kumbura ta tsuke, har ta yi tsage. Ga kuma ruwan sanyi a kan kankaren da ya ɗauki zafin rana tun safe: saman ya tsuke farat ɗaya, cikin na nan da zafinsa. Shi ya sa ake son ruwan ban-ruwa kada ya fi saman kankaren sanyi da sama da digiri 11. Kankaren da ke rufe a jiƙe kullum ba ya ɗaukar zafin da zai kai ga haka.

Ga dekin da daɓe, babu kamar tara ruwa. A yi ƙananan kunya da yashi haɗe da ɗan siminti kaɗan, tsayin yatsu uku ko huɗu, a zagaye gefen, a kuma raba tsakiya gida-gida yadda in wuri ɗaya ya ɓalle ba duka ruwan zai tafi ba, kuma inda dekin ya ɗan karkata kowane fanni zai riƙe nasa. A toshe ramukan da aka bari na bututu. A cika, a riƙa leƙawa safe, rana da yamma ana ƙari. Fannin da ya fi tudu shi ke fara bushewa, shi za ka fara dubawa. Ka kuma lura da inda ruwan ke zuba in ya ɓalle, kada ya jiƙa ƙasar da sandunan tokara ke tsaye a kai, su nutse.

In ruwa bai wadata ba, a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna ninki biyu, bakin wannan a kan na wancan, a ɗora leda a sama. Wannan haɗin, a ganina, shi ne ya fi dacewa da yawancin ƙananan wuraren gini: buhu na riƙe ruwa, leda na hana shi tashi, sau ɗaya ko biyu a rana a ɗaga a sake jiƙawa. Buhu ba leda kuwa, in aka bari ya bushe, juyawa yake ya riƙa zuƙo ruwa daga cikin kankaren. Yashi mai tsabta, kaurin santimita biyar, da ake jiƙawa kullum shi ma yana aiki, sai dai kwashe shi aiki ne.

Leda ita kaɗai ma tana yi, in an yi ta da kyau. Kaurinta kada ya gaza milimita 0.1. A jiƙa saman tukuna, a shimfiɗa ta manne, inda biyu suka haɗu ɗaya ta hau ɗaya da kamar santimita 30, a danne duk bakin da yashi ko katako, ta kuma sauka ta rufe kaurin gefe. Ledar da iska ke shiga ƙarƙashinta tana kaɗawa ba ta rufe komai ba, hanya ta buɗe wa iska. Shaidar tana aiki ita ce in ka ɗaga kusurwa ka ga gumi ya taru a cikinta. Fara ta fi a zafi don tana mayar da hasken rana, baƙa ta fi a sanyi. Aibinta ɗaya: inda ta yamutse takan bar dabbare-dabbare a launin kankaren, don haka ba ta dace da daɓen da za a bari haka nan don ado ba.

Ginshiƙai da bango su ne marayun wurin gini. Ruwa ba ya zama a jikinsu, iska na dukansu ta kowane gefe, kuma su ne ke ɗauke da nauyin ginin duka. Kafinta na son cire katakonsa washegari don ya kai gaba, shi ke nan a bar fila, wato ginshiƙin, tsaye tsirara. In da hali, a bar katakon kwana biyu ko uku, ana jiƙa shi, ana zuba ruwa daga sama yana bi ta tsakanin katako da kankare. Ranar da aka cire kuwa, cikin sa'ar nan a naɗe filar da jiƙaƙƙen buhu tun daga kai har ƙasa, a ɗaure da igiya ko waya, a naɗa leda a kai. Dabara mai sauƙi: a ɗora jarka mai ɗan ƙaramin huji a saman filar, ta riƙa ɗiga cikin buhun yini guda. Kan filar, inda rodi suka fito, shi ma a rufe, domin nan ne sabon kankare zai zo ya zauna.

Akwai kuma maganin feshi da ake yi musamman don wannan aiki, wanda ke bushewa ya zama siririyar fata mai hana ruwa fita. Shi ake amfani da shi a titunan kankare da manyan filaye inda ban-ruwa ba zai yiwu ba. Ana fesa shi da zarar sheƙin ruwa ya ɓace saman na da danshi, yawanci lita ɗaya ga murabba'in mita biyar, amma a bi abin da ke rubuce a jikin mazubin. Gara a yi shafi biyu, na biyu ya gicciya na farko. Sai dai a yi hattara: inda za a yi filasta, ko a manna tayil, ko a sake zuba wani kankaren a kai, wannan fatar na iya hana kamawa, sai an kankare ta ko an sayi irin da aka ce ba ya hanawa. Kada kuma ya taɓa rodi.

Mataki na biyar: kwana nawa

Ga siminti na yau da kullum, kwana 7 shi ne mafi ƙaranci. Ƙa'idar gini da kankare ta Amurka, ACI 318, ta ce a riƙe shi cikin laima da zafin da ya haura digiri 10 na aƙalla kwana 7, in kuma siminti mai saurin ƙarfi ne kwana 3. Ta Indiya, IS 456 ta shekarar 2000, ita ma kwana 7 ta ce, amma ta ƙara zuwa 10 in akwai zafi da bushewa ko an haɗa simintin da wasu garin ma'adinai, ta kuma ba da shawarar a kai 14 ga irin wannan gaurayen siminti. Dalili shi ne simintin da aka gauraya da tokar gawayin kwal ko dattin narka ƙarfe a hankali yake yin ƙarfi. Duba jikin buhu ka ga irin wanda ka saya. In kana shakka, kwana 14 bai taɓa cutar da kankare ba. Tankin ruwa, rufin da ruwan sama zai kwanta a kai, da daɓen da motoci za su taka, su ma a ba su 14.

Kwanakin ba darajarsu ɗaya ba. Uku na farko sun fi sauran nauyi nesa ba kusa ba. A rubuta ranar zubi da alli ko fenti a jikin kowace fila da kowane dekin, don musu kan "ai ya kai mako" ya ƙare.

Ranar dainawa, kada a yaye rufin tsakar rana. A daina sa ruwa, a bar buhunan su bushe a kai kwana ɗaya ko biyu, sa'annan a kwashe.

Mataki na shida: ruwan sama, sanyi, da ƙafafun mutane

Ruwan sama abokin kankare ne bayan ya kama, maƙiyinsa ne kafin nan. In hadari ya taso ana cikin zubi, a tsaya a wurin da injiniya ya amince a yi mahaɗa, a rufe da tamfol. In ruwan ya riga ya daki saman, kada a goge shi a cikin kankaren. A janye shi gefe, a bari ya kama, daga baya a duba zurfin ɓarnar. Sau da yawa fatar sama ce kawai ta wanke, ana iya kankarewa a gyara.

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, matsalar ta juya. Ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 in ya zama ƙanƙara, kuma in hakan ya faru cikin ɗanyen kankare, ya lalace ke nan ba gyara. Ana kare shi har ya kai ƙarfin megafaskal 3.5 a ma'aunin da ake auna ƙarfin kankare da shi, wanda yakan samu cikin kwana ɗaya zuwa biyu in an riƙe shi da ɗumi. A can ba a tara ruwa, barguna masu riƙe zafi ake rufawa, a ninka a kusurwoyi da gefuna. In an kunna na'urar ɗumama wuri mai ƙona mai, a fitar da hayaƙinta waje, domin iskar da take fitarwa na sa saman kankaren yin gari, ga haɗari ga ma'aikata.

Kankare mai kauri sosai, irin babban harsashin da ya kai mita ɗaya ko fiye, shi kuma zafin kansa ne ke damunsa, domin haɗuwar siminti da ruwa na fitar da zafi. Cikinsa ya yi zafi, wajensa ya huce, in bambancin ya haura kusan digiri 20 sai ya tsage. Irin wannan rufe shi ake yi ya huce a hankali, ba a kwarara masa ruwan sanyi. Aikin injiniya ne, da ma'aunin zafi a binne ciki.

Sai nauyi. A kewaye wurin da igiya. Kwana ɗaya zuwa biyu kafin a taka da ƙafa, ban da mai ban-ruwa, shi ma a kan katako. Ƙaramar mota sai bayan mako, babbar mota sai kwana 28. Abin da aka fi gani shi ne a wayi gari ana jibge bulo da buhunan siminti a tsakiyar dekin mai kwana biyu, wai don kada aiki ya tsaya. In dole ne a hau da kaya, a bari ya ƙara kwanaki tukuna, a rarraba su kusa da kan ginshiƙai da bim (ginshiƙin kwance da ke ɗauke da dekin), tokara na nan a ƙasa ba a taɓa ba. Rodin da suka fito daga sabon kankare kuma kada a riƙa jijjiga su ko lanƙwasa su a kwanakin farko, domin riƙon da ke tsakaninsu da kankaren na saki tun bai ƙulla ba.

Daɓe mai faɗi da ke kan ƙasa, ko an yi masa ban-ruwa yadda ya kamata, zai tsuke in ya bushe, kuma zai tsage. Abin da ake yi shi ne a zaɓa masa inda zai tsage. Ana yanka layi da injin yanka cikin sa'a 6 zuwa 18 bayan gamawa, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin daɓen. Ga daɓe mai kaurin santimita 10, tazarar layukan ta zama mita biyu da rabi zuwa uku. A ɗaga rufin a yanka, a wanke, a mayar.

Mataki na bakwai: cire katako da tokara

Katakon gefe ba ya ɗauke da nauyi, ana iya cire shi bayan sa'a 16 zuwa 24 in dai za a rufe wurin nan take. Na ƙasa shi ne abin tsoro. Ƙa'idar Indiya da aka ambata ta ba da waɗannan kwanaki ga siminti na yau da kullum a yanayin da ba sanyi: tokarar dekin da tazararsa ba ta wuce mita 4.5 ba kwana 7, wanda ya wuce haka kwana 14. Tokarar bim har zuwa mita 6 kwana 14, wanda ya fi haka kwana 21. Waɗannan mafi ƙaranci ne, kuma sun ɗauka cewa an yi ban-ruwa. In za a zuba wani dekin a sama, tokarar ƙasa na nan har sai injiniya ya ce a cire. Ana sassauta tokara daga tsakiyar tazara zuwa gefe. Baranda mai leƙowa wadda ba ginshiƙi a bakinta kuwa daga bakin waje ake farawa a dawo ciki, kuma ita ce ta ƙarshe da za a taɓa. Ban da duka da guduma, ban da sa ƙarfe a ɓanɓare kusurwa.

Yadda za ka gane aikin ya yi

A manyan ayyuka ana cika ƙananan akwatuna masu santimita 15 kowane gefe da kankaren ranar, a ajiye samfuran cikin ruwa, a matse su da inji a kwana 7 da kwana 28. Amma a tuna, samfurin da ya kwana cikin ruwa ingancin kwaɓi yake nunawa, ba ya ba da labarin dekin da aka bari a rana. Don sanin halin da ginin kansa ke ciki, a ajiye wasu samfuran kusa da shi, a yi musu irin kulawar da aka yi masa.

Ba inji ma ido da hannu na faɗin wani abu. Ja ƙusa a saman bayan mako biyu: mai kyau ɗan farin layi kawai zai bari, mara kyau zai yi rami yana fitar da gari. Shafa tafin hannu ka ga ko ya ɗebo ƙura. Zuba ruwa kaɗan a busasshen wuri, in ya shanye nan da nan wurin ya yi duhu, fatar ta buɗe da yawa.

In an makara, misali an kwana biyu ba a sa ruwa ba, a fara yanzu. Siminti na ci gaba da aiki in laima ta dawo, ko da yake ba duk abin da aka rasa ke dawowa ba. A jira yamma kankaren ya huce, a jiƙa a hankali, a rufe, a ƙara kwanaki a kan bakwai ɗin, a kuma jinkirta cire tokara. Saman da ke yin gari ana iya goge shi da inji a shafa maganin ƙarfafa daɓe. Ƙananan tsagen fata da ba su da zurfi muni ne kawai, ba sa rage ƙarfin gini. Amma tsagar da ta ratsa dekin har ruwa na ɗiga ta ƙasa, ko wadda ta bayyana a jikin bim ko ginshiƙi, ko wadda ka sa wa alama ka ga tana ƙara buɗewa, kada a shafe ta da siminti a ɓoye. A mayar da tokara ƙarƙashin wurin, a dakatar da ɗora kaya, a kira injiniya ya gani kafin a ci gaba.